Tatsuniyar Girkawa da Ɗan Dutsen Inna Tabawa

Tun ranar da na dawo bakin aiki ban sha ruwa da daɗi a ɗakin malamai ba. Wannan ta ce, "Malama Saratu, yaya Madina?" Waccan ta jawo kujera ta rage murya ta ce, "Wai da gaske wata bakwai kacal kika yi?" Wasu ma ba sa tambayata, a bayan idona suke ƙulla nasu. Wai mijina Malam ne ya sake ni, wai hukuma ce ta tuso ƙeyata, wai gumaka aka kama a akwatina. Har gidan suna na je na tarar ana ba da labarina, mai bayarwar ba ta san ni ce zaune kusa da ita ba. To, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata takardar nan.

Dole in fara da littafin, don shi ya jawo komai. Mahaifina direba ne a wurin wani Bagirke mai sayen gyaɗa da fatu a Nguru. Bagirken nan yana da tsohuwa, mahaifiyarsa, muna kiranta Kaka Bagirka. Kullum cikin baƙaƙen kaya take, tana zaune a barandar baya tana ɓare tafarnuwa, da 'yar gurguwar Hausarta da ta tsinta a bakin masu aikin gidan. A bakinta na ji labaran mutanen ƙasarsu na can da can: jarumai, da mata masu taurin kai, da waɗansu alloli da kakanninta suka bauta wa a zamanin jahiliyyarsu, masu zama a bisa wani tsauni suna wasa da rayuwar 'yan Adam. Ita kanta ba ta yarda da su ba. In ta gama sai ta karkaɗe hannu ta ce, "Ƙarya ne, amma mai kyau." Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu namu: Mai Aradu, Sarkin Teku, Mai Dabara. Da na shiga kwalejin horon malamai na sayi littafin rubutu mai baƙin bango na zuba duk abin da na iya tunawa. Shekara goma sha biyu yana tare da ni.

Malam yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a a Madina lokacin da ya zo hutu da takardun tafiyata. Shekarar da aka koma mulkin farar hula ke nan. Na ɗauki hutu daga wurin aiki, na yi ta tsalle kamar yarinya, don tun ina allo nake roƙon Allah ya kai ni garin Manzo. Ranar haɗa kaya mahaifiyata ta ga littafin a saman akwati ta ce, "Wannan tarkacen na arna fa? Kin san inda za ki kuwa?" Na ce mata ai takarda ce, ba ta cizo. Na tura shi ƙarƙashin zannuwa.

A filin jirgin Kano na gane cewa babu gidan da ba shi da ɗan'uwa a ƙasa mai tsarki. Kafin mu shiga, mutanen da ban taɓa gani ba sun ɗora mini ƙunshin goro, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, kowa da sunan wanda za a kai wa, babu mai adireshi. A cikin jirgi wata Hajiya 'yar Damagaram ce kusa da ni. Jirgi na tashi ta cafke tsintsiyar hannuna, ba ta saki ba sai da aka ce mun ƙetare Bahar Maliya. Sawun farcenta ya yi mako a hannuna.

Mun sauka Jidda da rana tsaka. Zafinsu ba irin namu ba ne, mai ɗanshi ne, yana manne wa mutum. Wurin binciken kaya wani matashin ma'aikaci ya buɗe gwangwanin daddawata, ya ja da baya yana toshe hanci da gefen ƙyallen kansa, ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Malam ya gyara tsayuwa ya shiga yi masa bayani da Larabcin littafi, mai wasali cikakke, cewa 'ya'yan wata bishiya ce ake dafawa a rufe su har su nuna. Yaron bai jira ƙarshen darasin ba ya jefa gwangwanin a kwandon shara. Sannan ya zaro littafina, ya riƙe shi a juye, ya kalle ni. Na ce, "Hikaya," wato labari. Ya ce, "Yalla," ya jefa mini shi. Abin miya ya tsaya a kan iyaka, abin rigima ya wuce.

Muka kwana a wani masauki, da asuba muka shiga doguwar motar haya mu bakwai. Direban ya naɗe ƙafa ɗaya a kan kujera yana tuƙi da ɗaya, yana hira yana waiwaye. A Mastura aka tsaya cin abinci, wani wuri mai dogayen gadajen igiya da ake hawa a zauna a kai. Nan na fara gane abaya. Malam ya saya mini ita a Jidda ba tare da awo ba, ta fi ni tsawo da kamu guda. Ina saukowa daga mota na taka bakinta, na tafi da gudu ba da niyya ba, sai da na rungumi wani tulu. Larabawan da ke wurin ko ɗaya bai yi dariya ba, kowa ya kau da kai. Da a tashar Kano ne da an yi mako ana kwatance da ni. Kifinsu kuwa na yaba, soyayye a kan shinkafa mai launin ƙasa. Shayin ne ban gane ba, a ɗan kofin da ko maƙogwaro ba ya jiƙawa.

Muka bar hanyar Yanbu a hagunmu, muka ratsa Badar Malam yana nuna mini duwatsu. Da la'asar muka shiga Madina. Sai na hango koriyar kubbar nan ta masallacin Manzo. Na yi kuka har direba ya rage gudu. Ina faɗar wannan ne don masu cewa ban san darajar inda na je ba. Na sani, kuma har gobe ina kewarsa.

Masaukinmu a Harra ta Yamma yake, unguwar da aka gina a kan baƙaƙen duwatsu masu kaifi, waɗanda suka cinye mini takalma biyu. Ɗaki biyu Malam ya kama a gidan wata tsohuwa, Inna Tabawa. Bahaushiya ce, amma tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka taso da ita a ƙasa daga wani ƙauye a ƙasar Gumel za su aikin Hajji. Shekara tara suka yi a hanya, suna noman auduga a Sudan in guzuri ya ƙare. Mahaifinta ya rasu kafin su ga teku. Ita da uwarta suka iso, uwar ta yi ta cewa baɗi za su koma har ƙasa ta rufe mata ido. Inna ta yi aure a nan, ta hayayyafa, 'ya'yanta duk 'yan ƙasa ne. Babbar 'yarta Hadiza, wadda ke kula da ita, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. In Inna ta ce mata, "Kin sa gishiri?" sai ta ce, "Aiwa, ya ummi."

Da safe gurasa ce mai faɗi da dafaffen wake mai man zaitun, da rana shinkafa, da dare shinkafa. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka kai kan gajiya da iyali mutum ya yi nisa. In aka kira salla kuwa kowane mai kanti zai ja ƙyalle a kan kayansa ya tafi, ba mai taɓawa, wannan kam sun fi mu. Ni da na saba tsayuwa gaban aji tun safe, sai ga ni tsakanin bango huɗu. In Malam ya tafi jami'a ba ni da aiki sai lokacin da ake buɗe wa mata ziyara a masallaci.

A makon farko na yi laifina na farko. Ina neman abin da zan buga ƙusa in rataye labule, sai na ga wani dutse mai santsi a kan taga a ɗakin Inna, dogo kamar curin sabulu babba. Na ɗauka na buga sau biyu. Tsohuwar nan da ba ta tashi sai da sanda, ban san lokacin da ta iso kaina ba. Ta fizge shi ta ce, "Haram alaiki! Duk duwatsun Harra ba su ishe ki ba?" Ta duba shi ciki da baya, ta goge da mayafinta. Sai daga baya Hadiza ta gaya mini ɗan dutsen niƙa ne. Uwar Inna ce ta ɗauko shi daga gida don niƙa a hanya, uwar dutsen kuwa ta yi nauyi, aka bar ta a can.

Bayan la'asar matan unguwa sukan taru a tsakar gidan Inna suna gyaran gyaɗar da suke soyawa ta sayarwa. Rannan wata ta ce, "Ke da kika zo kwanan nan, ki yi mana tatsuniya mana, namu duk sun tsufa." Na ce a gida an ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Inna ta ce, "Mu da muka riga muka ɓace? Yi abinki, 'yar nan." Na shiga ɗaki na ɗauko littafin. Na ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta, har da Hadiza.

Na ɗauko musu labarin Mai Dabara, sarkin wani ɗan tsibiri mai duwatsu da awaki, wanda ya tafi yaƙi shekara goma, ya kama hanyar gida, ya tsokane wa wani ƙaton dodo ido don ya kuɓuta, ashe dodon ɗan Sarkin Teku ne. Uban ya rantse sai ya wahalar da shi. Daga nan duk inda jirginsa ya nufa sai iska ta juya shi. A gida kuwa matarsa tana jira, maza sun cika mata zaure da neman aure, ta ce sai ta gama saƙar likkafanin surukinta, tana saƙa da rana tana warwarewa a ɓoye.

Allolin nan ba su sami mutunci a tsakar gidan Inna ba. Da na faɗi yadda Mai Aradu, wai shi ne babbansu, yake rikiɗa ya zama sa ko tsuntsu don bin matan mutane, yana tsoron matarsa ta ji, wata ta ce, "Wannan ai ko mai unguwa ba a ba shi ba." Wata ta ce, "A'uzu billahi, ashe haka suke? To su wa suka halitta?" Inna ta yanke hukunci ta ce, "Iskoki ne kawai, irin na 'yan bori. Bar su. Shi mutumin fa, ina ya kwana?" Ita kullum tambayarta ke nan. Dodanni da matan da ke waƙa su halaka matuƙa duk ba su dame ta ba. Na riƙa ba su kaɗan-kaɗan duk Alhamis, kuma kowane zama sai na rufe yadda ake rufewa a gida: ƙurunƙus, da ma ƙarya ce na gilla muku.

Mun kai wurin da wata allahiya ta tsare Mai Dabara a tsibirinta shekara bakwai. Ta ce masa ya zauna da ita, za ta mai da shi irinsu, ba tsufa ba mutuwa. Shi kuwa kullum yana bakin ruwa yana kallon inda garinsu yake. Ranar nan Inna ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce, "Kada ya yarda." Na ce sai Alhamis mai zuwa. Ta ce, "Ke muguwa ce, wallahi."

Alhamis ɗin ba ta zo mana yadda muka so ba. Ranar Talata bayan azahar Malam ya shigo da baƙo, Ustaz Tukur, ɗan ƙasarmu ne, ya gama karatu an riƙe shi yana koyarwa, kuma shi ɗalibanmu suke kai wa ƙara. Ashe wata ta ba mijinta labarin mai rikiɗa ya zama sa ko tsuntsu, mijin ya kai gaba. Suka zauna a ɗakin baƙi, aka ce in tsaya bayan labule, labulen da na buga wa ƙusa da dutsen Inna.

Ya ce, "Baiwar Allah, an ce kina tara mata kina karanta musu labarin gumaka. A garin Manzon Allah. Ko ƙarya aka yi miki?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba a yi mini ƙarya ba, ni ce nake yin ƙaryar, kuma duk zama sai na gaya musu ƙarya ce. Tatsuniya ce. Ko a gidanku ba a yi muku ba?"

Ya ce tatsuniyar kura da zomo daban, ambaton abin da aka bauta wa daban. Na ce ya tambayi matan ko akwai wadda ta tashi daga wurin tana sha'awar bauta wa mai rikiɗa ya zama sa. Na ce, "Tun da na fara ban ga abin da ya sa su istigfari da hamdala kamar jin halin allolin nan ba. Su ba sa mutuwa, don haka komai wasa ne a wurinsu. Labarin ba nasu ba ne, na mutum ne mai kwana ƙidayayye, yana so ya ga gidansu kafin su ƙare. Ina shirka a nan?"

Malam ya yi gyaran murya, irin wanda na sani. Ustaz Tukur bai ɗaga murya ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce shi ba gardama ta kawo shi ba. Mu baƙi ne, takardar zamanmu a hannun jami'a take, in maganar nan ta kai kunnen da bai san tatsuniya ba, ba ni za a tambaya ba, Malam za a tambaya, ga jarrabawarsa saura wata huɗu. Abu biyu yake so: a ba shi littafin, kuma in yi shiru. In ba zan iya shiru ba, to in koma gida in jira mijina a can.

Da ya tafi Malam ya zauna ya dafe kai. Ba mutum ne mai faɗa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya ce, "Saratu, shekara huɗu nake cin gurasa da wake a garin nan. Ki taimake ni." Na tashi na ɗauko littafin na ajiye a gabansa. Ban buɗe shi ba, don na san in na ga rubutuna na ƙuruciya ba zan iya ba. Ya kai wa Ustaz washegari. Ban tambayi abin da aka yi da shi ba, har yau ban tambaya ba. Na yi kwana uku in na ɗaga zannuwana sai hawaye.

Shirun ma na gwada shi, kada a ce ban gwada ba. Alhamis uku ina cewa kaina ke ciwo. A cikin makonnin nan sanyi ya sauko, ya kama Inna a ƙirji, ta kwanta. Likita ya zo ya tafi, na ga fuskar Hadiza na gane. Rannan na kai mata kunun gyaɗa, ta riƙe gefen zanena ta ce, "Na ji abin da aka yi. Ba na so in kashe miki zama. Amma ki raɗa mini kalma ɗaya: ya isa ko bai isa ba?"

Da na raɗa mata da shi ke nan, ba wanda zai sani. Amma raina ya ƙi. Tsohuwar da ta yi shekara sittin da ɗoriya tana kallon yamma, inda garinsu yake, a ce labarin komawa gida ma sai an sato mata shi kamar kayan haram? Na ce, "Inna, ba a raɗa irin wannan. Alhamis za ki ji shi da ƙarfi."

Na sami Malam na gaya masa. Na ce littafi na bayar don shi, bakina kuwa ba zan bayar ba, Kaka Bagirka ma ba ta iya karatu ba, a ka ta riƙe. Na ce ya je ya gaya wa Ustaz tun kafin wani ya riga shi, ya ce matarsa ta zaɓi tafiya, ya nemo mini jirgi da wanda zai raka ni. Ya ce, "Madina fa za ki bari." Na ce na sani. Babu abin da na taɓa faɗa da ya yi mini ɗaci kamar wannan.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka fito da Inna tsakar gida a kan katifa. Mata suka cika wurin, har waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Na buɗe ƙofar gida na sa dutse na tokare. Na ba su yadda Mai Dabara ya ce wa allahiyar nan ya san ta fi matarsa kyau, ya san zai tsufa ya mutu, amma gida yake so. Ya sassaƙa katako ya hau, teku ta farfasa, ya fito tsirara a wata gaɓa, wasu mutanen kirki suka kai shi tsibirinsa. Ya shiga gidansa a kamannin tsoho mai bara, ba wanda ya gane shi sai tsohon karensa da ke kwance a kan juji, ya kaɗa wutsiya ya mutu. Ya gama da maneman nan. Amma matar ta ƙi yarda shi ne, shekara ashirin ba wasa ba. Sai ta ce a fito masa da gadonsu waje. Ya fusata ya ce wa zai iya ɗaga gadon da shi ya sassaƙa, ƙafarsa ɗaya kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa? Ba wanda ya san wannan sai su biyu. Nan ta faɗa jikinsa.

Hadiza tana share ido da bakin mayafi. Na ce ƙurunƙus. Inna ta ce a ɗauko mata dutsen da ke taga. Ta juya shi a hannu ta miƙa mini ta ce, "Ni ba zan isa ba. Wannan ya isa. Kukar Bawa sunan garin, gidan Maƙeri Ɗanjuma, akwai rijiya a ƙofar gida. In uwar tana nan za su gane juna."

Bayan kwana tara na yi ziyarar bankwana, na biyo wani ɗalibi da iyalinsa muka taho. A filin jirgin Kano ma'aikaci ya ɗaga dutsen ya ce ko na Uhudu ne, yana neman ya shafa a fuska. Na ce masa na niƙa ne, ɗan ƙasar Gumel, ya dawo daga Hajji.

Ƙanena ya kai ni Kukar Bawa a motarsa. Sau uku muna ɓata, na ce masa alhakin tatsuniyar rana ne. Rijiyar ta rufta, maƙerar ta zama turken awaki, amma gidan yana nan. Wani tsoho makaho ne babba a ciki, Malam Audu, ɗan baffan Inna. Da na ambaci sunanta ya ɗaga kai ya ce, "Tabawa? Mai wushirya? Tana raye?" Ya ce kakarsu, ranar da matafiyan suka tashi, ta kife uwar dutsen a gindin rumbu ta ce ba mai niƙa a kai sai sun dawo. Ta rasu, rumbu ya faɗi an gina wani, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa dutsen. Aka sa samari suka tono shi, aka wanke. Na ɗora ɗan a kan uwar. Ya zauna a cikin kwarminta daram, ko motsi ba ya yi.

Na roƙi gero tafi biyu, na durƙusa, ƙanena ya danna rikoda. Ban yi wani dogon jawabi ba. Na niƙa kawai, Malam Audu yana gefe yana kiran sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa. Na ba wani mai zuwa Umra kaset ɗin.

Wasiƙar Malam ta zo makon jiya, ga ta a jakata ga mai son gani. Aurena yana nan, ku huta. Ya gama jarrabawa lafiya, ba wanda ya tambaye shi komai, yana tafe bayan Salla. Ya ce in ajiye masa farkon labarin, don ranar nan yana ɗakin baƙi, ƙarshen kawai ya ji. Ya ce kaset ya sami Inna da rai. Hadiza ta sa mata shi kusa da kunne, ta saurari ƙarar niƙan har ya ƙare, ta ce a mayar. Da ya ƙare na biyu ta ce, "Haka yake kuka. Ya isa." Ta rasu bayan kwana huɗu, an rufe ta a maƙabartar Baƙi'a.

Masu tambaya ko na yi nadama, Madina na rasa, da littafin shekara goma sha biyu, kuma duka biyun suna mini ciwo. Amma da za a mayar da ni tsakar gidan nan ranar Alhamis ɗin, da na sake tokare ƙofar. Wannan labarin ba zan rufe shi da ƙurunƙus ba, don babu ƙarya a cikinsa. Dutsen yana Kukar Bawa, an koma niƙa a kai.